Kada Ka Bugi Taguwar Nasara

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya kai ka lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga kakarka Kulu, a Illela, zuwa ga jikana Garba, angona da ya tsere ya bar ni da tukunya bisa wuta. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen da kake zaune cikinsu a Sakkwato. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ba ta da niyyar shiryuwa. In ka ga baƙaƙen nan suna tafiya kamar sawun kaji, ka yi haƙuri, iyakar abin da na samu ke nan wurin babana kafin a ɗauke ni daga gaban allo. Ka karanta da kanka, kada ka ba kowa, don akwai wautar tsohuwa a ciki.

Jabbi mai jakuna ya iso jiya da la'asar. Tun bai sauke mangala ba na tare shi bakin zaure.

Na ce, "Jabbi, ina ka baro mini miji?"

Ya ce, "Inna Kulu, ki bari in sha ruwa mana."

"Ruwa na nan, ba ya gudu. Ina ka baro shi?"

"Bariki. Wani Bature ya ɗauke shi wanki da guga. Da idona na gan shi ɗauke da ƙunshin kaya, ƙunshin ya fi shi girma."

Nan na zauna ƙasa don murna. Ka san dalili, ba sai na yi maka kwana-kwana ba. Tun damina kake cewa in ba ka samu aiki a Sakkwato ba, za ka bi fataken goro zuwa Gwanja. Hanyar nan ita ta ɗauki ubanka kana goye, har yau ko hularsa ba mu gani ba. Sakkwato kuwa, ko tsohuwa mai gwiwa irin tawa in ta hau jaki za ta isa ta ja maka kunne. Na yi hamdala har Jabbi ya gaji da cewa amin. Tuwon da na ci jiya, rabona da cin irinsa tun ranar da ka ɗaure kayanka.

Sai da ya sha ruwansa ya ƙara mini da sauran. Wai gwaji ne tukuna. Baturen ya fita rangadi, in ya dawo zai duba kayansa, in sun yi masa ka zauna, in ba su yi ba ka kama gabanka. Ni kuwa na san inda gabanka yake kallo. Ina cikin wannan tunani na leƙa bayan ƙofar zaure, inda gudumar bugun riguna ta kakanka take jingine tun rasuwarsa. Babu ita. Garba, ɓarawon gida! Na san kai ka ɗauka, kuma na san abin da kake nufi da ita. Shi ya sa na dama tawada tun da safe. Zauna ka ji.

Shekarar da hatsi ya yi wuya, kana tatata, na riƙa ɗaukar fura ina kaiwa Kwanni, inda Faransai sunka yi barikinsu. Lokacin iyakar nan sabuwa ce, wasu turaku ne anka kakkafa cikin gonaki, jakuna na sosa jiki da su. Can na haɗu da Fatu, Babambariya, matar wani soji, ita ke yi wa Nasaran barikin wanki. Tana da tsohon ciki, sunkuyo ya gagare ta, sai ta ce in riƙa kama mata. Wata rana ta ɗaura mini kaya ta ce in je gida in wanke, in kawo mata ita ta goge.

Na wanke su tas a tafkin Kalmalo. Da sunka bushe sai na ga wata farar taguwa duk ta yamutse kamar fuskata ta yau. Na ce a raina, ni da ke auren mai bugun da ake kawo wa riguna tun daga Gwadabawa, in mai da wa mace kaya a haka? Bari in nuna mata mu ma muna da sana'a. Na kai wa kakanka.

Ya ɗaga ta da yatsu biyu ya ce, "Kulu, mi ne wanga?"

"Taguwar Nasara."

"Yaro ne?"

"Babban mutum, har da gemu."

"Allah ya sawwaƙe. Mutum da gemunsa ya sa rigar da ba ta rufe masa gwiwa."

Ya ninke ta, ya yayyafa ruwa, ya ɗora bisa gungume. Shi da abokin bugunsa sunka sa ta tsakiya, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, har da 'yar waƙarsu. Sai muka... a'a, ni ce ma na fara ji, wani ƙas-ƙas yana fita daga ciki.

Ya tsaya ya ce, "Kulu, rigar nan da tsakuwa cikinta."

Na ce, "Kai dai buga. Haka nasu suke kuka."

Da anka warware, maɓallan nan nata farare duk sun zama gari, kowane kuma kafin ya mutu sai da ya huda yadin da ke kusa da shi. Bayan haka, gungumen nan ya shekara da shekaru yana shan shunin rawuna. Taguwar da ta hau fara ta sauko kamar wuyan tantabara. Kakanka ya ɗaga ta a rana yana murmushi ya ce, "Duba ƙyalli. Ko a garinsu bai taɓa samun irin wannan ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa samu ba. Fatu da ta gani ta ɗora hannu a ka, ta yi magana mai tsawo da harshensu, na gode Allah da ban ji ba. Daga nan dariya ta kama ta har ta riƙe ciki, na ji tsoron kada ta haihu nan take. Ita ta je ta ba da haƙuri, taguwar kuma ta ƙare a jikin kukun barikin, wanda ya sa ta ran Sallah yana taƙama. Fatu ta ce mini, "Kulu, gara in koya miki da kaina, kafin ki sa a kore mu daga garin nan."

To ka ji. Rigarmu duka take so, tasu zafi take so. Ka ba Jabbi gudumar nan ya dawo mini da ita. Ba wai ina ɗaukarka wawa ba ne, angona. Ni ma ba wawuya ba ce, kuma na aikata.

Yanzu bari in gaya maka abin da Fatu ta koya mini, da wanda na koya da ƙunar yatsuna.

Sauƙin guga tun wurin wanki ake nemansa. Da farko ni murɗe kaya nake yi kamar mai murɗe wuyan kaza, in watsa su bisa ƙaya, in bar su rana ta gasa su har su yi ƙarau. Sa'annan in zo in wuni ina faɗa da su. Duk yamutsin da ka sa da hannunka wurin matsewa, kai za ka cire shi da bayanka. Matse a hankali. Ka kama taguwa ta kafaɗu ka kakkaɓe ta da ƙarfi har ta yi ƙara, ka ja ɗinkunan su miƙe, ka rataya bisa igiya mai tsabta. Kada ka bari ta bushe sarai. In ka taɓa ka ji da sauran sanyi-sanyi, kamar kuncin yaron da ya gama kuka, kwashe. Ka nannaɗe su ɗaya bayan ɗaya, ka rufe cikin farin ƙyalle, su jira ka a inuwa. Taguwar da ke da danshi ba ta gardama, dutsen guga na hawa take kwantawa.

In kuwa ta riga ta bushe, sai an yayyafa mata ruwa. Nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Fatu da baki take fesawa. Ta guntsi ruwa, ta hura, ya fita kamar yayyafi, ko'ina ya samu daidai. Na yi ta koyo a bayan ɗaki har na iya, ina jin kaina. Ranar da ta fara barina da fararen kaya ni kaɗai, wata 'yar garin Araba da muke tafiya tare ta ɓara goro ta ba ni a hanya, ja, mai daɗi. Na tauna abina, na iso, na shimfiɗa taguwa, na guntsi ruwa na fesa da gwaninta. Ban ma duba ba na bi da dutse mai zafi. Da na ɗaga, gaban taguwar nan tun daga wuya har ƙasa ya yi ɗigo-ɗigo ja, kamar an yanka zabo kusa da ita. Zafin kuma ya riga ya zaunar da shi.

Fatu ta fito ta duba taguwa, ta duba ni. Ta ce, "Buɗe baki."

Na ƙi.

"Kulu, buɗe bakin nan."

Na buɗe. Ta ce, "Wayyo ni. Mijinki ya rina ɗaya baƙi, ke kin rina ɗaya ja. Ku marina ne ko masu wanki?"

Mun sha wuya kafin ta fita, da lemun tsami da sabulu da rana, kuma ko da ta fita, mai neman tabo zai gani. Kai kuwa na san ka da goro, tun kana ƙarami kake lalube mini bakin zane. Ranar guga, kai da goro sai bayan an gama. In ma za ka ji tawa, bar fesawa da baki gaba ɗaya. Nemi 'yar sabuwar tsintsiya da ƙwarya mai tsabta, ka tsoma ka yarfa. Ba ta da ban sha'awa, amma tsintsiya ba ta cin goro.

Sai wuta. Jabbi ya ce dutsen gugar da ya gani hannunka irin mai ciki ne, wanda ake zuba wa garwashi, da ɗan zakaran ƙarfe a goshi mai riƙe murfi. Irinsa Fatu take da shi. Ya kuma ce ya ga kana kallonsa kamar kunama. Kada ka ji tsoronsa, amma kada ka yarda da shi.

Ba kowane gawayi ba ne nasa. Na taɓa kwasar na murhu, na kara da ƙirare, don ƙyuya. Yana tartsatsi, yana zubar da toka ta hujojin gefe, kafin ka gama hannu ɗaya ya mutu. Nemi gawayin ƙirya, irin na maƙera. Ka hura shi waje har ya yi ja ya daina hayaƙi, sa'annan ka zuba. In ya fara sanyi, ka fita da shi nesa da kaya ka lila shi a iska, zai farfaɗo. Amma kafin ka lila, duba zakaran nan ko ya kama. Ni ban duba ba. Na lila da ƙarfina, murfi ya buɗe, garwashi ya tashi sama kamar taurari. Wani ya sauka a dangar Fatu, wani a bayan tunkiyarta. Tunkiya ta yi cikin bariki tana hayaƙi, sojawa na bin ta da ruwa, ni ina bin danga da zanena. Babu wanda ya ƙone sai gashin tunkiya da mutuncina. Tun daga ranar sojawan nan in sun hango ni sai su ce, "A ɓoye tumaki, ga Kulu nan."

Kafin dutse ya taɓa kayan mutum, ya fara taɓa tsumma. Kullum, ko ka yi shekara kana aikin. Ka jiƙa yatsa ka ɗan taɓa gindinsa, in ya ce cas, ya yi. In tsumma ya soma rawaya, ajiye shi ya huce. Kuma wutar tana da hali irin na mutum: da farko lumui, tsakiya zafin rai, daga baya kasala. To ka jera aikinka bisa halinta. Marasa kauri da farko, wanduna masu kauri lokacin da take ji da kanta, ƙananan ƙyallayen share fuska su ƙarasa da ita. Ka tara gugarka duka ka yi da wuta ɗaya, da sanyin safiya. Wanda ke hura wuta don taguwa ɗaya, ya tashi gobe ya sake hurawa don wata, wahala yake so, kuma za ta same shi.

Kada ka yi guga bisa tabarma tsirara. Na yi, bayan taguwa ya fito da zanen saƙar kaba, gida-gida, kamar wanda ya yi barcin rana ba riga. Ninka bargo mai kauri, ka rufe da farin zane. In akwai tebur a wurin, yi bisa tebur kana tsaye. Ni a durƙushe na yi tawa, ga gwiwar nan tana ba da labari.

Ita taguwar kanta tana da inda ake kama ta. Ni da na fara, gaba nake soma gogewa don shi ne mai faɗi, mai daɗin aiki. Kafin in gama juya ta in yi hannuwa, gaban ya koma yadda yake, sai in sake. Haka nan nake zagaye taguwa ɗaya kamar mai neman ƙofar rumbu. Fatu ta ce a fara da ƙanana. Wuya tukuna, bayansa sannan gabansa, kana turawa daga bakin zuwa tsakiya don kada yadi ya taru a tsinin. Sai kafaɗa. Sai bakin hannu, sai hannun, ka shimfiɗa shi ka daidaita ɗinki da tafinka kafin dutse ya hau, don in ka goge ninki a inda ba wurinsa ba, fitar da shi ya fi sa shi wuya. Sai baya. Gaba shi ne na ƙarshe, don shi ido ke fara gani. Maɓalli kuwa zagaye shi ake yi da hancin dutse, kamar yadda kake zagaye ni in ka yi laifi. Kada ka danna da ƙarfi, nauyin ƙarfen ya isa, kai dai ja shi. In ka gama, rataye ta ta sha iska. Wadda anka ninke da zafinta takan tashi da sabon yamutsi.

Za su ce ka sa sitati, abin nan da ke sa kaya su tsaya. Mu da ruwan rogo muke yi, wani lokaci da ruwan dafuwar shinkafa. Ni da anka ce mini yana sa kaya kyau, sai na ce ai in an ƙara, kyan zai ƙaru. Na dama shi da kauri kamar kunun mai jego, na tsoma wandon mijin Fatu. Garba, wandon nan da ya bushe, tsayawa ya yi da ƙafafunsa a tsakar gida, ba kowa ciki. Mutumin ya shiga da kyar, ya tafi fareti yana tafiya kamar wanda anka yi wa kaciya da girma. Da yamma ya dawo cinyoyinsa duk sun saɓule. Mutum ne mai kunya, daga ranar in ya gan ni yakan canza hanya. Ka dama shi tsararo, ka tace, ya zama in ka tsoma hannu ka ji santsi kaɗan kawai. Wuya da bakin hannu su ne masu son ƙari. In ya manne a gindin dutse yana ja maka kaya, goga shi bisa lallausan yashi, ka shafa ɗan kakin zuma, ka share da tsumma, zai riƙa sulɓi. Kuma kayan da anka sa wa rogo, kada ka shanya su inda akuya za ta kai. Wannan ba ni ce na yi ba, amma na ga wadda ta yi, ta dawo ta tarar da hannu ɗaya.

Duk da wannan, wata rana za ka ƙona. Babu mai riƙe wuta kullum bai ƙona ba. In rawaya ce kawai, jiƙa wurin, matsa lemun tsami, shanya a rana, sau da yawa takan tafi. In ta huje, ta huje. Kada ka cusa ta ƙarƙashin sauran kaya, kada ka ce wa kuku ya faɗa maka. Ɗauke ta a hannu ka kai wa mai ita tun bai nema ba. Zai yi ja, zai yi faɗa da harshen da ba ka ji, wannan ma sauƙi ne. Ka tsaya har ya gama. Na ga Fatu ta yi haka saboda ɓarnata, ba sau ɗaya ba, kuma ba a kore ta ba sai da anka ɗauke mijinta zuwa wani gari ta bi shi. Ban ce kowane Bature haka yake ba, ban san naka ba. Amma na san ka. Kai ba faɗa kake tsoro ba, dariya kake tsoro. Na san abin da ke ranka: in anka sallame ka, ba za ka iya shigowa Illela samari na cewa ga mai wankin Nasara ya dawo ba, gara ka yi kudu inda ba a san ka ba.

To ji abin da na yi yau da hantsi, tsakanin rabin takardar nan da rabinta. Na ari jakin Jabbi na tafi Amarawa wurin Audu maƙeri, wanda ke yi mana lauje. Na zana masa abin a ƙasa da kara.

Ya duba ya ce, "Inna, wanga kwalekwale ne?"

Na ce, "Kwalekwalen gidanku. Ƙarfe nake so mai nauyi, gindinsa sumul, gabansa da tsini, da mariƙi a sama. Ba sai mai ciki ba. Irin wanda ake ɗorawa bisa garwashi ya yi zafi a ɗauka da tsumma. Biyu za ka yi, ɗaya na aiki ɗaya na wuta."

"Wa za ki ƙona da su?"

"Kai, in ka ɓata mini."

Ya yi dariya ya ce zai iya, sai dai sumul ɗin zai ci yashi da haƙuri. Na ce haƙurin nasa, yashin nawa. Ina zaune nan a maƙera, malamin da ke rubuta jangali ya zo karɓar linzami, da wata taguwa a jikinsa kamar an ƙwato ta daga bakin saniya. Da ya ji abin da muke magana, ya ce shi har Kwanni yake aika kayansa, su dawo masa da ƙurar hanya. Ya ce 'yan doka ma haka, da fataken da sunka fara ɗinka irin kayan nan. Duk Illela da kewayenta babu mai guga ko ɗaya. Ya tambaye ni yaushe za a fara. Na ce sai maigidana ya ga dama, yanzu yana Sakkwato yana ƙaro ilimi.

Ka gane ko? In Baturen ya riƙe ka, madalla, ka zauna ka ƙware, ka zo mana da Sallah mu ga ko ka yi ƙiba. In ya sallame ka, ba korarre ne zai shigo garin nan ba, mai sana'a ne, da ƙarafansa na jiransa da masu kawo kaya. Duk saurayin da ya yi maka dariya, wata rana zai zo neman aure ya kawo maka rigarsa, ka sa masa sitati irin nawa. Ko ta wace hanya abin ya faɗi, ƙafarka arewa za ta yi. Da na gane haka a bisa jakin nan ina dawowa, sai na ji ina waƙa, har wasu mata masu ɗaukar itace sunka tsaya suna kallon tsohuwa ta zautu.

Na rasa ɗa a hanyar kudu, Garba. Ban iya hana shi ba, don lokacin ba ni da abin da zan ce masa ya tsaya dominsa. Kai ina da shi. Ba na roƙonka ka zauna gindina kana kora mini ƙuda, je ka ga duniya iyakar inda labarinka zai riƙa iso ni. Abin da nake so ke nan, ba ƙari.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko wuta na ci, dutse ya jira. Ka gaida wanda ya girme ka a barikin nan ko mai share dawaki ne. Uwarka tana gaishe ka, ta sa maka ƙuli-ƙuli da daddawa cikin kayan Jabbi, na ɗanɗana ƙulin don in tabbatar ba a sa maka wani abu ba, shi ya sa za ka ga ya ragu.

Allah ya tsare ka daga wuta da ruwa, da sharrin mutum da na dare. Allah ya sanyaya zuciyar wanda kake yi wa aiki, ya sa hannunka ya yi albarka. Allah ya sa duk inda ka juya, fuskarka ta dawo gida. In ka tashi zuwa, ka wanke taka rigar ka goge, don na gaya wa duk matan unguwa mijina mai guga ne, kada ka shigo mini a yamutse ka ba ni kunya.

Amin, amin. Wasalam.

Kakarka Kulu